Shekarar Sayar da 'Ya'ya

Kowace babbar yunwa da ta taɓa faɗa wa ƙasarmu tana da sunanta. Kakanninmu ba su cika riƙe shekaru da lamba ba, sai dai ka ji an ce an haifi wane shekarar Kakalaba, an yi wa wance aure bayan 'Yan Buhu, wane kuwa ya fita lokacin 'Yar Gusau bai sake komowa ba. Waɗannan sunaye su ne kundin tarihin talaka, kowanne yana ɗauke da abin da mutane suka fi tunawa: wata an tuna ta da buhunan hatsin da aka yi ta kawowa daga nesa, wata da garin da jama'a suka yi wa tururuwa suna neman abin kai wa baka. Maƙwabtanmu Zabarmawa na yammacin Nijar suna da tasu, wadda ta same su tsakanin 1901 da 1903. Sunan da suka sa mata shi ne Ize-neere, ma'anarsa sayar da ɗa. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado ya kawo ta a littafinsa na tarihin yunwa a yankin Sahel, wanda ya fito a 1993. Jama'a ba ta laƙaba wa shekara irin wannan suna don abin da ya faru a gida ɗaya ko biyu.

A cikin wannan shekara ta 1901, can kudu a inda Turawan Ingila suka fara kafa mulki, Gwamna Lugga ya fitar da shelarsa a kan bauta. Shelar ta hana kai hari don kamo bayi, ta hana saye da sayarwa, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da uwarsa da ubansa bayi ne. A lokacin ma Kano da Sakkwato ba su shiga hannunsa ba, sai a Fabrairu da Maris na 1903. Faransa ta yi tata dokar hana cinikin mutane a ƙasashen da ta mallaka na Afirka ta Yamma a Disamba 1905. Wanda ya tsaya ga takardun nan kaɗai zai ɗauka maganar sayar da yaro ta mutu tun farkon ƙarni. Sai ga shi ta ƙara shekara talatin da wani abu tana tafiya.

Ya kamata mu fara da girman abin da Turawan suka tarar. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, waɗanda suka bi takardun wancan zamani suka fitar da littafi a 1993 a kan yadda bauta ta yi ta jan rai a Arewa, sun ƙiyasta bayin da ke Daular Usmaniyya wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Su ke noman gandu a rinji, su ke dakon kayan fatake, su ke ɗebo ruwa da itace. Lugga ya san idan suka watse rana ɗaya noma zai tsaya, haraji ya ƙi taruwa, sarakunan da yake son yin mulki ta hannunsu su juya masa baya. Don haka bai 'yanta kowa ba. Ya bar bawa a hannun ubangijinsa, ya ce mai son 'yanci ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, yawanci ta hanyar murgu, wato bawa ya nemi kuɗi da guminsa yana biyan ubangidansa kaɗan kaɗan. Wanda ya gudu ba a ba shi gona ba, ba a kuma yi marhabin da shi a barikin Bature ba. An toshe ƙofar shigo da sababbin bayi, amma buƙatar hannun da zai yi aiki ba lada tana nan yadda take.

A nan ne cinikin ya sake kama. Da, a kasuwa ake yinsa da rana tsaka, ana duba haƙori ana taya farashi. Da aka rufe kasuwar sai ya koma zaure da soro, ya kuma koma kan yara. Dalilin ba boyayye ba ne. Babban mutum ya san sunan garinsu, ya san hanya, yana da bakin da zai faɗa wa dogari ko Bature cewa sato shi aka yi. Yarinya 'yar shekara shida fa? In aka aske mata kai, aka ɗaura mata zane irin na garin, aka sake mata suna, aka koya mata ta ce wa mai tafe da ita Baba, wa zai tsayar da ayari ya ce ba 'yarsa ba ce? Wata shida ya isa ta fara mance harshen uwarta. Shekara uku, ko an kai ta ƙofar gidansu ba lalle ta gane ba. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ma'aikatan mulkin mallaka suka riƙa ƙwacewa daga hannun masu fataucin mutane a shekarun nan yara ne, kuma mata sun fi yawa, domin yarinya tana da kasuwa biyu: tana ƙarama ta yi aikin gida, ta girma a sa ta a ɗaka.

Akwai kuma abin da ya sa aka fi neman 'ya'yan mutanen duwatsu da na bakin kogin Binuwai. Malamanmu sun daɗe da yanke hukuncin cewa ba a bautar da ɗa Musulmi. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta amsa a kan haka, ya ambaci Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen da ba ya halatta a mallaki mutanensu, kuma bautar da 'ya'ya na cikin abubuwan da masu jihadi suka zargi sarakunan Haɓe da yi. To amma mai saye ba ya tambayar abin da zai ɓata masa ciniki. In an ce masa yaron daga tsauni aka sauko da shi, ya wadatar, ko da kuwa yaron ya iya Fatiha.

Daga ina yaran ke fitowa, tunda hari ya ragu? Rahotannin shekara-shekara da Lugga ke aikawa Ingila sun ba da amsa ba tare da kwana-kwana ba. A tsakiyar shekarun 1900 yunwa ta faɗa wa yankunan Yola da Muri da Bauchi, rahotannin kuma suka ce mutane suna bayar da 'ya'yansu a karɓi hatsi. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar doki ko mashi. Jaki biyu da taikin dawa sun isa. Ya sauka a gindin dutse ya jira, iyaye da kansu za su sauko.

Kada mai karatu ya yi saurin tsine wa iyayen nan. Mu duba lissafin da ke gaban magidanci a watan da rumbu ya ƙare, damina kuma saura wata uku. An ci iri. An sayar da akuya, an sayar da garma, an sayar da ƙwaryar ɗakin matar. An shiga tafasa da yaɗiya, an jiƙa anza ana zubar da ruwan ɗacinta, an tone gidan tururuwa an kwashe ɗan hatsin da ta tara, an sussuke ƙarangiya. Yara biyar ne, na goye ya riga ya tafi. Ga baƙo ya zo yana cewa a ba shi ɗaya, zai ci ya ƙoshi a gidansa, ga kuma dawar da za ta kai sauran huɗun kaka. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Sau da yawa ma iyayen ba su kira abin da suka yi sayarwa ba, jingina suka ce, da niyyar in Allah ya kawo damina mai albarka su je su fanso. Amma wanda ya karɓi jinginar ya san abin da yake yi. Kafin kaka yaron ya wuce hannu uku, ya ƙetare kogi biyu. Hausawa na cewa talauci ba ya kau da 'yanci. Magana ce mai daɗin ji, kuma haka ya kamata a ce abin yake, amma a shekarun nan mudun dawa ya sha ƙaryata ta.

Aikin da ke jiran irin wannan yaro ba ya cikin kowane rahoto, domin ba wanda ya ɗauke shi abin rubutawa. Mun dai san yadda gidan wancan zamani ke gudana. Yarinya za ta tashi kafin assalatu ta hura wuta, ta yi sussuka da surfe da daka da taɓaryar da ta fi ta tsawo, ta ja guga a rijiya mai gaba ashirin, ta goya ɗan uwar gida, da yamma ta ɗauki farantin talla. Namiji a tura shi kiwo da ɗan ƙunzun fura, ko a sa shi gandu yana bin manya da fartanya, ko ya kwana kan rumfa yana korar tsuntsu, ko a ɗora masa kaya ya bi fatake Gwanja ko Ikko da ƙafa. Ɗan gida ma yana yin wasu daga cikin waɗannan, gaskiya ne. Bambancin shi ne ɗan gida yana da uwar da za ta ce ya isa haka, yana da gadon da yake yi wa wahala, kuma in ya yi ciwo za a nemo masa magani kafin a yi lissafin ko ya cancanci kuɗin.

Su kuma yaran da aka ƙwato, gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su. Ba su san garinsu ba, in ma an gano garin, mayar da yaro ga iyayen da yunwa ta sa suka rabu da shi kamar sake kai shi kasuwa ne. Sai aka buɗe gidajen 'yantattun bayi, ɗaya a Zungeru, hedkwatar mulki ta lokacin, ɗaya a Borno. Yaran kan iso a rame, da ciwon ciki da gyambo, mutuwa kuma ta yi yawa a cikinsu. Waɗanda suka rayu aka koya musu wanki da guga da ɗinki da sassaƙa, aka riƙa rarraba su ga Turawa da ma'aikata da 'yan mishan a matsayin masu koyon aiki. A taƙaice, yaron da aka ceto daga yi wa wani bauta a Kano ya ƙare yana goge takalmin wani a Lakwaja. Da gwamnati ta gaji da kashe kuɗi, sai ta miƙa yaran ga mishan ɗin SUM, wadda ta buɗe gida a Rumasha, bakin Binuwai, a 1909, da sunan Lucy, marigayiya matar Karl Kumm wanda ya kafa mishan ɗin. Daga baya aka mayar da gidan Wukari.

Sai Kakalaba ta zo. Daminar 1913 ta gaza tun daga Senegal har Sudan, tafkin Chadi ya ja baya, gero ya bushe a tsaye kafin ya fitar da kai. Abin da ya ƙara mata muni a ƙasar Kano shi ne lokacin da ta zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka fara sayen gyaɗa da farashin da manomi bai taɓa gani ba, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. Manomi ya ba gyaɗa wani yanki na gonarsa, ya sayar da rarar hatsinsa ya biya haraji, rumbun da a da ake ajiye wa shekarar tsiya ya zama fanko. Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa a 1983, ya nuna cewa agajin da gwamnati ta kawo kaɗan ne kuma ya makara, haraji kuwa ba a fasa karɓa ba. Daga ƙasar Faransa, Damagaram da Damargu da Adar, jama'a suka kwararo kudu, suna faɗuwa a bakin hanya. A cikin irin wannan ruɗani, uwa ta mutu a gindin kuka ta bar yara biyu, wa ya ɗauke su, ina ya kai su? Wasu bayin Allah sun riƙe marayun tsakani da Allah, sun aurar da su kamar 'ya'yan cikinsu. Wasu kuma sun ga dukiya ce ta faɗo.

Abin da ya fi ba mu mamaki a takardun Turawan shi ne yadda suke iya ƙirga yaran da aka kama a hannun masu fatauci, lardi lardi, har da hukuncin da aka yanke wa kowane mai laifi, amma ba su haɗa wannan lissafi da na harajin da suka karɓa a shekarar fari ba. Littafi ɗaya na Razdan ne, ɗayan na ma'aji.

Iyaka ma ta yi wa masu cinikin rana. Kamaru tana hannun Jamus har zuwa 1916, daga nan Ingila da Faransa suka raba ta, aka daɗe ba a san takamaiman mai iko da wasu duwatsun ba. A Madagali, hakimin garin Hamman Yaji ya riƙa sa magatakardansa yana rubuta masa abin da ya yi kullum, daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki akwai hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsun Mandara, irin su Sukur, da adadin waɗanda aka kamo, da waɗanda ya bayar kyauta. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927, littafin nasa kuma aka buga shi da Ingilishi a 1995. Amma tuɓe hakimi ɗaya bai rufe hanyar ba. A farkon shekarun 1930 fara ta yi ta sauka a yankin shekara bayan shekara, mutanen duwatsun da a da ake hawa a kamo 'ya'yansu da ƙarfi suka koma saukowa da su da hannunsu. Farar nan ce ta cinye yammacin Nijar a 1931, inda aikin tilas da harajin Faransa suka haɗu da ita aka yi yunwar da ta kashe dubban mutane, wasu dubban suka tsere Nijeriya.

Wata hanyar kuma ita ce ta gabas. Maniyyata kan tashi da ƙafa ta Borno, su bi Wadai da Darfur, su yi shekaru suna noma a Sudan suna tara guzuri, kafin su ƙetare Bahar Maliya. Mafi yawansu talakawa ne masu tsoron Allah da suka tafi da iyalansu. Amma a cikin ayarin akan sami wanda ya taho da yaran da ba nasa ba, in guzuri ya ƙare ya sayar da ɗaya a Hijaz. Maganar ta kai har gaban Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci, wadda ta yi yarjejeniyar hana bauta a 1926. Saudiyya ba ta soke bauta a hukumance ba sai 1962.

Mutanenmu ba su jahilci abin da ke faruwa ba, adabinmu ma shaida ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labarin yaro ne da aka sace, ya bi hannu hannu har ya ƙetare Sahara, uwarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa bauta. Mun karanta shi a makaranta kamar labarin zamanin da ya shuɗe, alhali a shekarar da aka buga shi ana kan kama masu safarar yara a lardin Adamawa. Baba ta Karo ma, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda ake sace mata da yara, dangi su yi ta haɗa kuɗin fansa. Sai a 1936 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, shekara 35 bayan shelar Lugga. Yaran da shelar ta kira 'ya'ya tun ranar haihuwarsu sun riga sun girma a gandun iyayengijin iyayensu.

Bayan 1936 kalmar bawa ta fita daga takardun hukuma, cinikin kuma ya nemi inuwar da zai fake. Ya same ta a cikin kyawawan al'adunmu. Riƙo abu ne mai kyau, da shi gwaggo marar haihuwa ke samun 'ya, da shi maraya ke samun gida. Amma da sunan riƙo ne kuma dillaliya ke zuwa ƙauye bayan kaka ta gaza, ta kwashi 'yan mata ƙanana ta rarraba su gidajen birni aikatau, a ƙarshen wata ta karɓi kuɗin ta cire nata ta aika wa iyayen saura. Yarinyar ba ta taɓa riƙe ladan aikinta ba, ba ta san unguwar da take ba, tana kwana a kicin. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu a waya, wata irinta ce ta wanke kwanon da suka ci abinci a ciki yau. Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta kuma yi dokar kare haƙƙin yara a shekarar, Nijar ma a 2003 ta mayar da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

Tsohuwar kasuwar sa-ɗaka ma ba ta mutu ba. A 1996, a yankin Ƙonni, aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato mace ta biyar da ba a ɗaura wa aure ba, ta yi shekara tara tana aikin gida da na gona tana haihuwa. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun ECOWAS, a 27 ga Oktoba 2008 kotun ta zauna a Yamai ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Kantche kuwa, a jihar Damagaram, kusa da iyakar Daura, ƙasa ce mai yawan jama'a da ƙarancin gona, inda abin da aka girbe ba ya kai gida rabin shekara. Daga can mata suka koyi bin hanyar Agadas da Arlit zuwa Tamanrasset ta Aljeriya, su yi bara a bakin titi. Mace ita kaɗai ba ta samun sadaka kamar mai yara, don haka akan tafi da nata da na dangi da na maƙwabta, bisa alkawarin za a aiko wa iyayen rabonsu. A watan Oktoba 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit da irin waɗannan matafiya, suka kauce wa babbar hanya don gudun jami'an tsaro, suka lalace a cikin hamada, ruwa ya ƙare. Da masu ceto suka isa wurin, gawa 92 suka tarar warwatse a kan rairayi, wasu a ƙarƙashin 'yan itatuwa, wasu uwa da 'ya'yanta wuri guda. Maza 7 ne, mata 33, yara 52. Gwamnatin Nijar ta yi makokin kwana uku, aka binne su a inda aka same su.